Kawu da Mabiyinsa Marar Hannu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, kowa a gidan ya samu wurin zama sai ni. Maza sun cika rumfar ƙofar gida har sun tsallaka titi, mata sun cika tsakar gida, ni kuwa ina ta kai-kawo da kofin ruwa, ina miƙa wa wanda bai ce yana jin ƙishi ba. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta kama gefen hijabina sau biyu ta zaunar da ni. Da ta kau da kai sai in sake miƙewa.

Ta bayan katangar zaure nake jin abin da maza ke cewa. Wani tsoho da suka yi aikin jirgin ƙasa tare ya rantse cewa a duk zamansu a tashar Kaura bai taɓa ganin Kawu ya soke harafi a takarda ba, don ba ya bugawa sai ya tabbata. Wani mai fataucin shanu da ya zo daga Shinkafi ya ba da labarin da ya sa mutane dariya a wurin da ba a so a yi ta. Ya ce ya taɓa zuwa shagon Kawu a fusace, a buga masa wasiƙa zuwa ga ɗan'uwansa da suka yi faɗa. Yana faɗa yana zagi, Kawu na ta bugawa. Da aka gama sai Kawu ya karanto masa ita tun daga farko, da zagin da komai, cikin muryar nan tasa mai sanyi. Mutumin ya ce kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, shi da bakinsa ya roƙa a cire. Can gefe kuma surukansa biyu sun fara musu ƙasa-ƙasa a kan ko za a yi sadakar uku ko ba za a yi ba, kowa da malamin da yake ji.

Ni duk wannan ba shi ne a gabana ba. Idona na kan Inna, matar Kawu, wadda ke zaune a kusurwar ɗakinta da carbi a hannu, ba ta kuka, ba ta magana. Akwai wani suna da mutum uku kaɗai suka sani a duniya. Kakarmu ta tafi da shi, yanzu Kawu ya tafi da shi, saura Inna, ga ta da hawan jini da ciwon ƙafa, kuma na san ko za a yanka ta ba za ta furta shi ba. Sau ɗaya tak aka taɓa rubuta sunan nan, ni ce kuma na goge shi da hannuna. Shi ya sa na kasa zama.

Bari in fara da shi kansa Kawu, don ba na so a manta da irinsa. Akawu ne na jirgin ƙasa. Ya yi tashoshin kudu shekaru masu yawa kafin a dawo da shi Kaura, inda layin dogo ya ƙare. Da jirgi ya ja baya ya yi ritaya, sai ya buɗe shago kusa da kasuwa da keken rubutu guda, yana buga wa mutane takardu. Da aka ba mu jiharmu, kowane saurayi da budurwa suka tashi neman aiki a sababbin ma'aikatun Gusau, kowa kuma aka ce masa sai da takardar shedar kwamfuta. Kawu ya sayar da bijimai biyu da yake kiwo a Gurbin Bore ya sayo kwamfuta da ƙaramin janareta. Dangi suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Bai tsaya ga koyon bugu ba. Ya samu wani malamin makarantar fasaha yana ba shi aron littattafai, ya zauna da tabarau a kan hanci yana koyon yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, abin da muke kira firogiram. Mutum mai furfura har a gira, amma in firogiram ɗinsa ya tashi sai ka ga yana murza hannu yana murmushi shi kaɗai.

Ba shi da sauri a komai. Goro ɗaya sai ya wuni da shi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo sau biyu. Ni kuwa tun ina ƙarama ake ce mini tsuntsuwa, ban iya jiran ruwa ya tafasa ba. Da na gama sakandare mahaifiyata ta kai ni shagonsa, ta ce ko zai sa mini natsuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce natsuwa ba a sayar da ita a shagon nan, amma akwai kujera.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, motar mata kuwa sai ka yi tsayuwar awa ba ta zo ba. Sai Kawu ya ɗaukar wa kansa zuwa gidanmu kowace safiya da tsohon babur ɗinsa, tunda shi muharramina ne. Tafiyar da wani zai yi a minti biyar, mu sai mu yi sha biyar, ina bayansa ina cizon leɓe.

A cikin duk abin da ya koya mini, darasin da ya fi maimaitawa shi ne na mabiyi. Littafinsa na ce masa itareta, shi kuwa ya ce sunan ya yi masa nauyi a baki. Ya bayyana mini cewa rubutu a wurin kwamfuta jerin haruffa ne, ɗaya na bin ɗaya, har gurbin da ke tsakanin kalma da kalma ana ƙirga shi. In kana so firogiram ɗinka ya karanta rubutun, sai ka tsayar da mabiyi a kan harafin farko, ka duba abin da ya nuna maka, ka ce ya matsa gaba ɗaya, ka sake dubawa, haka har ya isa alamar ƙarshe. Alamar ƙarshe kuwa ba harafi ba ce, wuri ne a bayan harafin ƙarshe, can ake tsayawa, wanda ya ce sai ya karanta ta shara zai kwaso. Sannan mabiyi iri biyu ne. Akwai mai ido da hannu, wanda zai iya sauya harafin da ya tsaya a kai. Akwai kuma mai ido kaɗai, ya gani ya faɗa maka ya wuce. Kawu ya ce a aikin jirgi akwai mai duba layi, yana tafe a ƙasa daga katako zuwa katako da littafi a hannu, ba a ba shi guduma, don in an ba shi zai gyara abin da bai lalace ba.

"In karatu anka aike ki, ki bar hannunki gida," haka yake cewa, kusan kullum.

Kafin firogiram ya tashi akwai manhajar da ke duba abin da ka rubuta, in ta ga kuskure ta ƙi wucewa. Kawu na ce mata alƙali. Amfanin mabiyi marar hannu, in ji shi, shi ne ko ka manta ka sa shi ya taɓa rubutu, alƙali zai tsayar da kai tun kafin ɓarna ta auku. Na gyaɗa kai, na rubuta a littafina, na ma ja layi a ƙarƙashi.

Akwai fayil ɗaya a kwamfutar da Kawu ya fi ji da shi. Damina guda ya yi yana ɗauko Kakarmu daga Gurbin Bore, ta zauna a tabarma a cikin shago, tana faɗin asalin zuri'armu yana bugawa: wane ya haifi wane, wace aka kai Zurmi, wa ya tafi Galadi bai dawo ba. Yadda ta faɗa haka ya buga, bai gyara mata ko kalma ba. In ta kauce daga lissafi ta shiga wani zance, ko addu'a, ko tsegumin wanda ya mutu tun zamanin Turawa, sai ya buga alamar tauraro a farkon kaucewar da wata a ƙarshenta. Kafin damina ta zagayo Kaka ta rasu.

Wata ranar Laraba da hantsi zai tafi jana'izar wani maƙwabci, sai ya ba ni aiki. Ya ce in rubuta firogiram da zai bi rubutun Kaka ya ƙirga sau nawa ta ce "ya haifi". Na ɗauki mabiyi marar hannu kamar yadda aka koya mini, kafin rabin awa na gama, lissafi ya fito. Da na tsaya a nan da yau ina zaune cikin mata kamar kowa. Amma Kawu bai dawo ba, janareta na ta cin mai, ni kuma zaman banza ba ya yi mini. Na dubi rubutun na ga taurari birjik, zancen tsohuwa ya cika ko'ina, mutum ba ya gane wa ya haifi wa sai ya sha wuya. Na ce bari in yi wa dangi abin kirki, in tsabtace shi a buga a raba da Sallah. Na ƙara layi biyu: duk harafin da mabiyi ya tarar tsakanin tauraro da tauraro, a maye shi da gurbi.

Alƙali ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Sau uku yana gaya mini cewa wannan mabiyin ba shi da izinin sauya komai. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalili, sai na ji haushi, na cire marar hannu na sa mai hannu. Kalma ɗaya ce kawai ta bambanta su. Nan take ya wuce. Na ajiye sabon rubutun a kan sunan tsohon, don ban yi tunanin ba shi wani suna ba. Sannan, don a san ni ɗaliba ce mai bin ƙa'ida, na ɗauko faifan ajiya, inda Kawu ke adana kwafin fayil ɗin, daga aljihun tebur na kwafe sabon a kan wanda ke ciki, tunda Kawu ya ce kullum aka gama aiki a sabunta faifai.

Da ya dawo na nuna masa ina washe baki. Ya zauna, ya gyara tabarau, bai duba farko ba, bai duba ƙarshe ba, ya gangara kai tsaye zuwa wani wuri a tsakiya, inda aka zo kan sunansa da na Inna. Farin fili ne a wurin, layi uku. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sa faifan ajiya, ya gangara wuri guda, ya tarar da fili guda.

"Wa yac ce ki sake mabiyi?"

"Alƙali na yaƙ ƙiya, Kawu."

"Ya ƙiya. Ke ko kin hi shi sani."

Na ce ai surutun tsufa ne kawai na cire, sunayen duk suna nan. Wannan maganar har gobe in na tuna ta sai in ji kamar in nutse. Ya kashe kwamfuta, ya kashe janareta, ya rufe shago da rana tsaka, ya kai ni gida.

Mahaifiyata ce ta warware mini da na ba ta labari. Ta dafe kai ta ce na kashe su. Ashe kafin 'yan matan Kawu uku da na sani, an yi namiji, ɗan fari. A wata tasha can kudu aka haife shi. Inna marainiya ce, ba ta da gidan da za ta je wanka, sai Kaka ta hau jirgi ta je ta yi mata. Aka raɗa suna a can cikin baƙi, yaron bai cika arba'in ba ya koma. Da suka dawo gida ba wanda ya tambaya, don wa zai tambayi uba ko uwa sunan ɗan fari, balle wanda ya rasu? Ko mai rai ne ba sa faɗa, kunyarsa suke ji har abada. Kaka ce kaɗai ke da bakin faɗa, ita kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba sai ranar nan a shago, da ta zo kan Kawu ta sassauta murya ta ambaci jikanta, ta yi masa addu'a. Kawu ya sa tauraro ya buga. Mahaifiyata ta ce ita kanta so take wata rana ta sa in karanto mata wurin.

Malamin nan mai ba shi littattafai ya zo ya gwada duk dabararsa, ya ce da gogewa aka yi da an yi fata, amma rubutu aka ɗora a kan rubutu.

Sati shida Kawu bai yi mini magana ba in ban da amsa gaisuwa. Amma ko rana ɗaya bai fasa zuwa ɗaukata ba. Ƙarfe takwas zan ji ƙarar babur a ƙofar gida, in fito in hau, mu tafi shiru, mu dawo shiru. In ya sayi ƙosai sai ya raba biyu ya tura mini nawa a gefen tebur ba tare da ya dube ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, wallahi. Har addu'a na yi ya kore ni.

Ranar da ya sake buɗe baki, aiki ya ba ni, kamar ba abin da ya faru. Na samu ƙarfin hali na ce masa ya rubuta sunan mana, ai ba sai ya furta ba, yatsa ne kawai.

"Wancan karon bakin uwata yah hwaɗa, yatsuna sunka bi," in ji shi. "In na rubuta yanzu, ni nih hwaɗa."

Raina ya ɓaci. A lokacin ko'ina wa'azi ake yi a kan raba addini da al'ada, ni ma na kwaso nawa. Na ce masa wannan kunyar fa ba addini ba ce, malamai sun faɗa, babu inda aka hana uba kiran sunan ɗansa.

"Na sani," ya ce. "Ban ce addini na ba. Ɗana na."

Daga nan ban sake tayar masa da zancen ba. Na samu aiki a Gusau da takardar da ya sa mini hannu. Duk firogiram ɗin da na rubuta tun daga ranar, in karatu ne aikinsa, marar hannu nake sa wa, abokan aikina har tsokanata suke yi wai na cika tsoro. In na zo Kaura ina zuwa gaishe shi, ya tambaye ni aiki, in tambaye shi jiki, ya ba ni rabin goro ko da ya san ba na ci. Kullum in zan tafi sai in ce a raina zuwa na gaba zan san yadda zan yi. Shekara huɗu ina cewa zuwa na gaba, har aka aiko mini cewa ya faɗi a masallaci bayan la'asar.

Kwana goma da rasuwar, gida ya yi sauƙi, baƙi sun watse, washegari kuma hutun da aka ba ni zai ƙare. Da hantsi na shiga ɗakin Inna ina share inda na riga na share. Tana zaune a tabarmar takabarta, ƙafafunta a kumbure.

"Aje tsintsiyar ga ki zamna," ta ce. "Kwana goma kina kewaya ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Na zauna. Ta ce ta san abin da ke damuna, shi ma marigayin ya sani. Ta ce ba sau ɗaya ba ya gaya mata cewa yarinyar nan ba ta iya ajiye abu a rai ba, kada a bar ta da wannan kayan har tsufanta. Da na ji haka sai hawayen da na ƙi yi tun ranar farko suka ɓalle. Ta bar ni na yi mai isata.

"Ni ba ni hwaɗi," ta ce. "Amma lissaho min annabawa, yadda anka koya muku islamiyya. Sannu sannu. Kak ki tsallake kowa."

Ban gane ba da farko, sai da na ga ta ɗaga carbinta ta riƙe ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu. Na ce Adamu, ta saki ƙwaya. Na ce Idrisu, ta saki wata. Nuhu, Hudu, Salihu. Zuciyata na ta gudu tana gaba da bakina, tana cewa ai Ibrahim ne, ai Yusufu ne, tambaye ta kawai a huta. Na danne. Na wuce Ibrahim, ƙwaya ta faɗi. Na wuce Yusufu, na wuce Musa da Haruna, na wuce Dawuda da Sulaimanu, ina kallon yatsunta, ba na kallon fuskarta. Sunaye suka fara ƙarewa, tsoro ya kama ni ko na tsallake wani, ko kuwa ta fasa. Na ce Iliyasu, ta saki. Na ce Alyasa'u, ta saki. Na ce Yunusa.

Ƙwayar ba ta faɗi ba. Da halina na sauri har na buɗe baki zan ce na gaba, sai na ji hannunta ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. A waje wata mai tallan fura na ta kira.

"Ke ba ki da kunyatai," ta ce, idonta a ƙasa. "Yi mai addu'a in ji."

Na ce Allah Ya sa Yunusa mai ceto ne, Ya sada shi da mahaifinsa a inda babu rabuwa, Ya yafe wa Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Inna ta ce amin. Fiye da shekara arba'in ke nan rabon da ta ji wani ya kira ɗanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, amma ba ta saki hannuna ba.

"Sake hwaɗi," ta ce.

Na sake. Ta ce in sake. Muna nan a haka har aka kira azahar.